Giwan Ruwa a Garin Wani: Illar Ɗaukar Kifi Daga Wani Kogi Zuwa Wani

Gabatarwa

Hausawa kan ce giwa a garin wani zomo ce. Wannan karin magana ya dace da ɗan Adam, domin baƙo duk girmansa sai ya rusuna. Amma a duniyar kifaye sau da yawa akasin haka ke faruwa. Kifin da yake zaune lami lafiya da maƙwabtansa a koginsu na gado, idan aka ɗauke shi aka jefa shi cikin wani ruwan da bai san shi ba, yana iya zama annobar da za ta share zuri'o'in da suka yi dubban shekaru a wurin. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa haka ke faruwa. Za mu kafa hujja da wani kifi da kowa ya sani a ƙasar Hausa, wato giwan ruwa, da abin da ya aikata a Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas. Daga nan sai mu waiwayo gida mu ga darasin da ke ciki ga Kogin Kwara da Tafkin Cadi.

Kowane Kogi da Kifayensa

Abin da masana ke kira kwarin kogi shi ne dukkan faɗin ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta ke gangarawa ya taru a kogi ɗaya ko tafki ɗaya. Alal misali, ruwan da ya sauka a Sakkwato da Kaduna da Yola duk Kogin Kwara yake nufa daga ƙarshe, alhali kuwa wanda ya sauka a Kano da Haɗejiya da Gashuwa yana bin Kogin Yobe ne zuwa Tafkin Cadi. Tsakanin kwari da kwari akwai tudu, kifi kuma ba ya hawa tudu. Tsuntsu na iya tashi ya ƙetare, iska na iya ɗaukar irin ciyawa ta kai shi nesa, amma kifin ruwan daɗi a tsare yake. Ƙasa ta tare shi ta gefe, gishirin teku kuma ya tare shi ta gaba. Saboda haka kowane kwarin kogi tamkar tsibiri ne ga kifayen da ke cikinsa.

Wannan killacewa ce ta sa ruwan daɗi ya cika da ire-iren halittu. Koguna da tafkunan duniya ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin doron ƙasa ba, amma kusan rabin dukkan jinsunan kifin da aka sani a cikinsu suke. Da yawa daga cikin waɗannan jinsuna ba a samun su ko'ina sai a kogi guda ko tafki guda. Idan suka ƙare a nan, to sun ƙare a duniya ke nan.

Mai karatu na iya tambaya: in haka ne, me ya sa ake samun giwan ruwa da tarwaɗa da gaiwa da minjirya a Kwara da Cadi da Nilu baki ɗaya? Amsa ita ce waɗannan ruwaye sun taɓa haɗuwa a zamanin da Sahara take da dausayi. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, har ruwansa na malala zuwa Kogin Binuwai ta hanyar Mayo Kebbi. Ko a zamaninmu, idan Kogin Logon ya yi ambaliya sosai, wani ɓangare na ruwansa kan bi wannan tsohuwar hanya. Don haka kifayen Kwara da Cadi da Nilu da Bolta da Sanagal dangin juna ne, sun daɗe da sanin halin juna. Ƙananan kifayenmu sun tashi tare da giwan ruwa da tsage. Wasu suna da ƙaya mai kaifi kamar ƙurungu, wasu suna da gudu, wasu kuma suna zuba ƙwai masu ɗimbin yawa ta yadda duk abin da aka cinye wani zai saura. Shi ya sa giwan ruwan da ake fitowa da shi daga Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, mai nauyin da kan haura kilo 50, bai taɓa ƙarar da kifayen Kogin Rima ba.

Tafkin Biktoriya Kafin Zuwan Baƙo

Tafkin Biktoriya shi ne mafi faɗi a nahiyar Afirka, yana da murabba'in kilomita kusan 68,800, kuma ƙasashe uku ne suka raba shi: Tanzaniya da Yuganda da Kenya. Daga cikinsa ne Farin Nilu ke fita a garin Jinja. Duk da haka, asali babu giwan ruwa a cikinsa. Dalili kuwa shi ne magangarar ruwa ta Murchison, inda kogin ke faɗowa daga tsayin mita 43 kafin ya isa Tafkin Albat. Giwan ruwa na nan a Tafkin Albat tun fil azal, amma ba shi da ikon haura wannan katanga.

A bayan wannan katanga wani abin al'ajabi ya auku. Wasu ƙananan kifaye dangin karfasa, waɗanda mutanen Tanzaniya ke kira furu, na Yuganda kuma ke kira nkejje, suka rarrabu zuwa jinsuna kimanin 500, kusan dukkansu babu su a wani wuri a duniya. Binciken da aka buga a 1996 kan lakar ƙarƙashin tafkin ya nuna cewa tafkin ya ƙafe kimanin shekaru 15,000 da suka wuce kafin ya sake cika. Ke nan wannan rarrabuwa ta faru ne cikin lokacin da masana ke ɗauka ɗan ƙanƙane ƙwarai.

Kowane jinsi na furu da sana'arsa, tamkar unguwannin birni. Akwai masu kankare gansakuka daga jikin duwatsu, akwai masu cin ruɓaɓɓen ganye da dattin da ya kwanta a ƙasa, akwai masu tauna katantanwa su fasa ɓawonta, akwai masu farautar ƙwari, akwai masu fizgar ɓawon jikin wasu kifaye su ci. Har ma akwai waɗanda abincinsu shi ne ƙwai da 'ya'yan da suke ƙwacewa daga bakin uwayensu. Domin furu, kamar karfasarmu, a cikin baki take renon ƙwanta. Wannan dabara tana kare 'ya'ya, amma tana taƙaita yawansu, domin bakin ƙaramin kifi ba zai ɗauki fiye da 'yan gommai ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu, zai yi mana amfani nan gaba.

Yadda Aka Kai Giwan Ruwa

A idon jami'an mulkin mallaka na Ingila, furu kifin banza ne: ƙarami, mai yawan ƙaya, marar daraja a kasuwa. Sai tunani ya zo cewa a kawo babban kifi mai farauta ya cinye su, ya mayar da namansu tsoka mai tsada. Wani masanin kifi Bature, Michael Graham, wanda ya yi binciken tafkin a 1927 da 1928, ya yi gargaɗin cewa shigo da irin wannan kifi ba tare da zurfin bincike ba kasada ce babba. A 1960 wani masanin, Geoffrey Fryer, ya sake yin rubutu yana adawa da shirin. Amma kafin a gama muhawara, aikin gama ya riga ya gama. Tun wajejen 1954 wasu ma'aikatan sashen kula da namun daji da kifi na Yuganda suka ɗebo giwan ruwa daga Tafkin Albat suka zuba a ɓoye. Da aka fara ganin sa a komar masunta, sai masu goyon baya suka ce tunda ya riga ya shiga babu sauran dalilin hanawa. A 1962 da 1963 aka ƙara zuba wasu a hukumance. A cikin shekarun 1950 ɗin ne kuma aka shigo da karfasar Nilu da wasu danginta, domin cike gurbin karfasar gida mai suna ngege, wadda yawan kamu da kalli ya riga ya rage ta.

Shekara ashirin da ɗoriya ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Giwan ruwa na nan jefi-jefi, har wasu suka ɗauka masu gargaɗi sun yi kuskure. Wannan shiru yana cikin manyan haɗurran baƙon jinsi: yakan ɗauki shekaru yana taruwa a ɓoye, kamar wutar ƙaiƙayi, kafin ya bayyana. A farkon shekarun 1980 sai ya tumbatsa, ya fara daga ɓangaren Kenya ya bazu zuwa kudu.

Abin da Ya Biyo Baya

Allah ya sa tun 1977 wata ƙungiyar masana daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan tana nazarin furu a mashigin ruwa na Mwanza a Tanzaniya, saboda haka akwai shaida a rubuce ta yadda abin ya kasance. Kafin tumbatsar giwan ruwa, furu ne kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin kifin da ake kamowa daga ƙasan tafkin. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A 1992 waɗannan masana suka ƙiyasta cewa jinsuna kusan 200 sun ɓace ko suna gab da ɓacewa. Da yawa daga ciki ko suna ba a kai ga raɗa musu ba. Ana lissafa wannan cikin mafi girman asarar dabbobi masu ƙashin baya da aka shaida a ƙarni na 20.

Dalilin saurin wannan ɓarna a fili yake. Giwan ruwa na iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, macensa kuma na zuba miliyoyin ƙwai. Furu kuwa 'yan gommai take haifa, kuma ba ta gaji wata dabarar tsere wa maharbi mai wannan girma ba. Bugu da ƙari, giwan ruwa ba ya zaɓen abinci. Da furu suka yi ƙaranci, bai mutu da yunwa ba, sai ya koma kan wani ƙaramin jatan lande na tafkin, da wani ƙaramin kifi mai suna dagaa, har da 'ya'yansa na cikinsa. Don haka yawansa bai ragu ba balle ragowar furu su sami sararin farfaɗowa. Waɗanda suka tsira galibi su ne mazauna tsakanin duwatsu da fadamun bakin tafki, inda babban kifi ba ya iya kutsawa.

Ita ma karfasar Nilu ta yi nata aikin, ko da yake ba ta hanyar farauta ba. Ta fi ngege saurin girma da juriya, ta ƙwace mata abinci da wuraren ƙwai, har ngege ta kusa ɓacewa daga babban tafkin, sai a wasu ƙananan tafkuna na kewaye ake samun ta.

Adalci ne a faɗi cewa ba giwan ruwa kaɗai ke da laifi ba. A daidai wannan lokaci jama'ar kewayen tafkin sun ƙaru ƙwarai, an sare dazuzzuka, ƙasar gonaki da ƙazantar garuruwa suna kwarara cikin ruwa. Wannan taki ya sa gansakuka ta yi yawa. Da ma furu masu cin gansakuka da datti su ne masharan tafkin, ga shi kuma an cinye su. Sai gansakukar ta riƙa mutuwa tana nutsewa tana ruɓewa, ruɓewar kuma na shanye iskar oksijin ta ƙasan ruwa, har wurare masu zurfi suka gagari kifi zama. Daɗin daɗawa, wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa macen furu da launin jiki take gane namijin jinsinta. Da ruwa ya gurɓace ba a gani sosai, sai jinsuna suka riƙa barbarar juna suna narkewa su zama ɗaya. Ta haka matsaloli biyu suka haɗu, kowace na ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi.

Riba da Hasara

Duk wanda ya ce ba a ci ribar giwan ruwa ba bai faɗi gaskiya ba. Kifin da ake kamawa a tafkin ya tashi daga kimanin tan 100,000 a shekara a shekarun 1970 zuwa kusan tan 500,000 a ƙarshen shekarun 1980. An kafa masana'antun yanka kifi da daskarar da shi a Mwanza da Kisumu da Jinja, ana fitar da tsokarsa zuwa Turai, dubban ɗaruruwan mutane suka sami abin yi. A Tanzaniya har laƙabi aka yi masa da mkombozi, wato mai ceto.

Sai dai ribar ba ta faɗa hannun waɗanda suka yi hasara ba. Kama giwan ruwa na buƙatar babban jirgi da raga mai ƙarfi, abin da ƙaramin masunci ba shi da kuɗinsa. Furu kifin talaka ne, ana shanya shi a rana ya bushe, mata su kai kasuwa. Giwan ruwa kuwa mai ne da shi, ba ya bushewa a rana sai an yi bandarsa ko an soya, wannan kuma ya ƙara cin itace a tsibirai da gaɓar tafkin. Da tsoka ta tafi Turai, kai da ƙashi ne ke saura a kasuwannin gida. Dogaro da kasuwar waje shi ma ya nuna aibinsa lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da sayen kifin tafkin a 1997 da 1999 bisa dalilan lafiya.

Daga ƙarshen shekarun 1990, yawan kamu ya rage giwan ruwa, sai wasu jinsunan furu suka fara dawowa, har da waɗanda aka fid da rai da su. Masana sun lura cewa wasunsu sun canza abinci, sassan jikinsu na shaƙar iska kuma sun ƙara faɗi don jure ƙarancin oksijin. Wannan abin farin ciki ne, amma jinsuna da yawa ba a sake ganin su ba. Shi kuwa giwan ruwa babu wata hanya da za a bi a tsame shi daga tafki mai wannan girma.

Ba kowane ɗaukar kifi ne ke ƙarewa da nadama ba. A 1967 da 1968 an ɗebo wani ƙaramin kifi mai suna kapenta daga Tafkin Tanganyika aka zuba a Tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ya kuma zama ginshiƙin su a wurin. Bambancin shi ne Kariba tafki ne da madatsar ruwa ta haifar, tsakiyarsa fanko ce, domin kifayen Kogin Zambezi ba su saba da zama a buɗaɗɗen ruwa mai zurfi ba. Kapenta ya sami ɗakin da babu kowa ne. Giwan ruwa kuwa gida cike da mutane ya faɗa.

Idan Ruwan ne Kansa Aka Ɗauka

Akwai wata hanya da kifi ke ƙetare tudu ba tare da kowa ya ɗauke shi a bokiti ba, wato idan aka haƙa hanyar ruwa daga wani kwari zuwa wani. A 1975 Afirka ta Kudu ta buɗe wani rami na ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 83, wanda ke kai ruwan Kogin Orange zuwa Kogin Great Fish domin noman rani. Tare da ruwan sai kifaye suka bi, ciki har da tarwaɗa, irin wadda muke ci a nan, ta kuma zauna daram a kogunan da da babu ita. Har ila yau, kogin da a da yake yankewa da rani ya koma gudu shekara zagaye, abin da ya ba wani baƙin ƙuda mai cizon dabbobi damar yaɗuwa, makiyaya suka shiga uku.

Wannan misali ya shafe mu kai tsaye. Tafkin Cadi yana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 25,000 a 1963, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan faɗi, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. Tun wancan zamani wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya kawo shawarar shirin Transaqua, wato a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita kusan 2,400 daga rassan Kogin Kwango zuwa Kogin Shari. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018 ya goyi bayan shirin, duk da cewa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ana nuna adawa da shi. Bukatar miliyoyin manoma da makiyaya da masunta ga ruwa gaskiya ce da ba mai musunta. Amma kwarin Kwango ya fi kowane kwarin kogi a Afirka yawan jinsunan kifi, mafi yawansu kuma baƙi ne ga Cadi. Hanyar ruwa ba ta tantance wanda zai wuce: kifi da ƙwansa, katantanwa, ciyayi da ƙwayoyin cuta duk za su iya bi. Wajibi ne a yi wannan lissafi tun shirin yana kan takarda.

Halin da Ake Ciki a Gida

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka, mun bayar mun kuma karɓa. Bargi, ɗan asalin Kwara da Cadi da Nilu, an kai shi kwarin Kwango da tsibirin Madagaska domin kiwo, ya kuɓuce ya bazu a kogunansu. Tarwaɗar Afirka ta zama matsala a Barazil da Indiya, har Indiya ta haramta kiwonta. A ɓangaren karɓa kuwa, tun shekarun 1950 aka kawo kifin kaf na Turai gonar kifi ta Panyam a Filato.

A yau babbar ƙofa ita ce kiwon kifi. Masu ƙyanƙyasa na jigilar 'ya'yan tarwaɗa da karfasa daga jiha zuwa jiha, wasu irin daga ƙasashen waje aka samo su, wasu kuma an haɗa jinsi biyu ne aka fitar da su. Idan aka yi ambaliya irin ta 2012 da 2022, kududdufan kiwo kan cika su batse, abin da ke ciki ya bi ruwa zuwa kogi. A can zai yi barbara da na daji, sannu a hankali halayen da kifin gida ya gada na jure zafi da fari da cututtukan wurin su salwanta. Wannan hasara ba a ganin ta da ido, domin tarwaɗa tana nan a kasuwa, amma ba irin ta jiya ba ce.

Dokoki suna nan. Dokar Kamun Kifi ta Cikin Gida ta 1992 ta hana shigo da kifi mai rai ko fitar da shi daga Nijeriya sai da izini, Yarjejeniyar Kare Ire-iren Halittu da aka ƙulla a Riyo a wannan shekarar kuma ta ɗora wa ƙasashe alhakin hana shigowar baƙin jinsuna masu ɓarna. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Kainji, wadda za a iya neman shawararta. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da ƙa'idoji kaɗan. Na farko, kafin a zuba kifi a madatsar ruwa ko tafki, a fara sanin jinsunan da ke ciki, a kuma fifita na kwarin kogin da ruwan yake. Na biyu, a guji gina kududdufin kiwo a inda ambaliya ke kaiwa, a sa raga a mafitar ruwa, sabon iri kuma a keɓe shi har a tabbatar da lafiyarsa. Na uku, duk wani shirin karkatar da ruwa daga kwari zuwa kwari a sa masana kifi da sarakunan ruwa cikin masu shawara tun daga farko. Na huɗu, kada shirun 'yan shekaru ya ruɗi kowa, tunda na Biktoriya ya ɗauki fiye da shekara ashirin kafin ya bayyana.

Gurɓataccen ruwa ana iya tsabtace shi, dajin da aka sare ana iya sake dasa shi, amma kifin da ya shiga kogi ya hayayyafa ba ya fita, jinsin da ya ƙare kuma ba ya dawowa. A nan rigakafi shi ne kaɗai maganin da muke da shi. Ɗalibanmu na kimiyyar halittu suna da babban aiki a gabansu, na ƙidaya da rubuta kifayen kogunanmu da sunayensu na gida tun masuntan da suka san su suna raye, domin sai an san abin da ake da shi kafin a iya tsare shi.